KAYAN KARIYAR 'YAN SANDA DA MATSALAR MASU TAƁIN HANKALI

Jawabin wata-wata don karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci da dandalin ƙauye

 

Jawabin wannan wata ya shafi mutum biyu waɗanda sau da yawa sukan gamu a cikin mummunan hali. Na farko ɗan sanda ne, na biyu kuwa mai taɓin hankali wanda ciwonsa ya tashi. Kowannensu ɗan wani ne, kowannensu yana da masu jiran ya dawo gida lafiya. Amma idan aka yi rashin sa'a, gamuwar tasu takan ƙare da jini, ko a sari ɗan sanda, ko a harbe marar lafiya. Abin da jawabin zai nuna shi ne, ana iya kauce wa yawancin wannan asara idan ɗan sanda yana da kayan kare jikinsa, yana da horo, kuma mutanen gari sun san nasu aikin.

ABIN DA KE SA A KIRA 'YAN SANDA

Taɓin hankali ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma yana da yawa fiye da yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa. Ba dukansu ne ke yawo a bola ba. Mafi yawansu suna cikin gidaje, suna noma, suna cin kasuwa, suna renon 'ya'ya. Kuma mafi yawansu ba sa cutar kowa. Su ne ma aka fi cuta, yara su jefe su, manya su yi musu ba'a, miyagu su ci zarafin matan cikinsu.

Masu magani kuwa sun yi kaɗan. A shekarar 2019 likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a kimanin miliyan 200. Manyan asibitocin wannan ciwo a Arewa, irin su na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Tun 1991 Gwamnatin Tarayya ta tsara cewa a riƙa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun daga ƙananan asibitocin karkara, amma har yau ba kowane asibitin ƙauye ne ke da ma'aikacin da ya san wannan aiki ba, ko maganin da zai bayar.

Ga kuma matsalar shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 a ƙasar nan, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi mu'amala da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wiwi da tiramol da sholisho da zaƙami suna iya birkita lafiyayye, suna kuma tayar da ciwon wanda dama yake da shi.

To, da yake ana ɗaukar ciwon abin kunya, iyali sukan ɓoye marar lafiya har sai ranar da abin ya fi ƙarfinsu, ya ɗauki adda ko taɓarya, ya kori kowa daga gida. Sau da yawa da tsakar dare ne. A wannan lokaci ofishin gwamnatin da ba a rufewa, kuma ake sa ran samun ƙarti da mota a cikinsa, shi ne caji ofis. Shi ke nan sai a ɗora wa kurtu ko kofur aikin da ko likita sai ya yi shiri kafin ya tunkare shi.

ƊAN SANDA MAI BINDIGA KAƊAI

A ɗauka ranar kasuwa ce. Wani saurayi wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba ya zari wuƙa daga teburin mahauta, yana ihu wai ana bin sa za a yanka shi. Jama'a sun kewaye shi, yara suna jifa, 'yan acaɓa suna ta hon. Aka kirawo 'yan sanda biyu. Abin da ke hannunsu bindiga ce ƙirar AK-47 da kulki. Abin da ke tsakanin ƙirjinsu da wuƙar nan kuwa, rigar yadi ce kawai. Idan saurayin ya yo kansu, zaɓi biyu ya rage musu, su gudu ko su yi harbi. In sun gudu, sun bar jama'a cikin haɗari. In sun yi harbi, an kashe marar lafiya, kuma harsashin irin wannan bindiga yana iya ratsa mutum ya sami na bayansa.

Kada a raina tsoron da ɗan sanda ke ji a irin wannan wuri. A 1983 wani sajen 'yan sanda a Amurka mai suna Dennis Tueller ya gwada, ya ga cewa mutum mai wuƙa da ke tsaye a nisan ƙafa 21, wato yadi 7, yana iya cim ma wanda ya nufa cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Kafin a ƙifta ido sau biyu ke nan. Wanda ya san haka, kuma ya san babu abin da zai tare masa wuƙa, yatsansa ba ya nisa da kunamar bindiga.

Wannan ne ya sa taron Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Habana, babban birnin Kyuba, a 1990, ya shimfiɗa ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. A cikinsu an nemi gwamnatoci su ba 'yan sanda garkuwa da hular kwano da rigar sulke da motoci masu sulke, kuma an faɗi dalili, wato don a rage bukatar amfani da makami. A nan gida, rundunar 'yan sanda ta sabunta umarninta mai lamba 237 a 2019, wanda ya taƙaita harbi ga lokacin da rai ke cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni nan take.

Ke nan kayan kariya ba ado ba ne, ba kuma shirin faɗa ba ne. Amfaninsu shi ne su ba ɗan sanda damar yin haƙuri. Wanda ƙirjinsa da kansa ke rufe yana iya tsayawa ya yi magana, ya jira, ya ja da baya, ya sake matsowa. Rigar sulken da ke jikin ɗan sanda tana kare rai biyu, nasa da na wanda ke gabansa.

KAYAN KARIYA DA IYAKARSU

Ya kamata jama'a su san waɗannan kaya, su san abin da suke iyawa da wanda ba sa iyawa.

Rigar sulke. Yawancin na zamani ana saƙa su ne da zare mai ƙarfi irin Kevlar, wanda wata masaniyar kimiyya, Stephanie Kwolek, ta gano a Amurka a 1965. Ana jera saƙar ninki-ninki, in harsashi ya zo sai ta riƙe shi kamar yadda raga ke riƙe ƙwallo. Amma rigar mai laushi harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Harsashin AK-47 sai an saka faranti na ƙarfe ko na tangaran mai tauri a aljihun gaba da na baya, shi kuwa yana da nauyi, ga zafi a lokacin bazara. Haka kuma rigar da ke tare harsashi ba lallai ta tare wuƙa ko mashi ba, domin tsini yana iya kutsawa tsakanin zare. Akwai wata daban da aka yi musamman don suka da sara. A Ingila, inda yawancin 'yan sandan sintiri ba sa ɗaukar bindiga, irin wannan rigar ce suke sawa. A ƙauye, inda adda da wuƙa da gatari suka fi kusa da hannu, ana bukatarta ƙwarai. Rigar kuma tana tsufa. Gumi da ruwa da rana suna rage ƙarfin zaren, shi ya sa masu yin ta sukan ba da lamunin kamar shekara biyar.

Hular kwano tana kare kai daga dutse da gora, mai gilashi kuma tana kare ido. Garkuwar roba mai ƙarfi, wadda ake gani ta cikinta, tana tare jifa da sara. 'Yan sanda biyu ko uku masu garkuwa, in sun sami horo, suna iya tsare mutum a lungu har ya gaji, ba tare da an fasa masa kai ba. A Japan 'yan sanda suna da wata doguwar sanda mai gwafa a baki, da ita suke tokare mai wuƙa a jikin bango daga nesa. Ba ta da tsada, amma ita ma sai da horo, kuma sai mutum biyu ko fiye.

Akwai ƙananan kaya da ake mantawa da su. Safar hannu mai kauri tana kare yanka da cizo, ta roba kuma tana kare jini, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Tocila mai haske tana sa a gane ko abin da ke hannun mutum wuƙa ce ko cokali. Oba-oba mai caji tana sa a kira ɗauki. Akwatin taimakon gaggawa yana tsayar da jini kafin a kai asibiti. Mota mai mai a ciki ita ce ke kai marar lafiya inda za a duba shi.

Sai makaman da ba don kisa aka yi su ba, amma suna iya kisa in aka yi ganganci. Barkonon tsohuwa a rufaffen ɗaki yana iya shaƙe mai asma da jariri da tsoho, kuma wanda hankalinsa ya gushe yana iya ƙara firgita maimakon ya sallama. Bindigar lantarki, wadda aka fi sani da Taser, tana harba ƙananan ƙibau biyu masu waya, su sandarar da jiki na 'yan daƙiƙu. Ba ta yawaita a ƙasar nan ba. Babbar riga ko rigar sanyi tana iya hana ta kama jiki, wanda aka harba yana iya faɗuwa ya fasa kai, in kuwa akwai fetur a jikinsa tana iya tayar da wuta. Kulki a kai ko a wuya yana kisa. Saboda haka babu wani makami da zai maye gurbin hankali.

TAZARA, LOKACI DA HARSHE

Masu horar da 'yan sanda sun daɗe da gane cewa kariya ta farko ita ce tazara. A tsaya nesa, a sa mota ko teburi ko katanga a tsakani. Ta biyu lokaci ne. Idan mutum yana cikin ɗaki shi kaɗai, ba ya cutar kowa, babu dalilin fasa ƙofa. Gajiya da ƙishirwa da yunwa suna aiki a madadin hukuma. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ta uku harshe ne. Mutum ɗaya ne zai yi magana, ba biyar ba. Ya faɗi sunansa, ya kira marar lafiya da sunansa, ko ya ce masa Malam, ko Baba, ko Inna, yadda ya dace da shekarunsa. Ya sassauta murya, ya yi gajerun jimloli, ya ba shi lokacin amsawa. A kashe jiniya, a daina haska masa fitila a ido. In ya ce yana jin muryoyi ko ana bin sa, kada a yi masa gardama, kada kuma a ce ana ji. A ce masa an ga yana cikin tsoro, an zo ne don kada kowa ya taɓa shi. Kada a yi masa alkawarin ƙarya, domin in ya gane, gobe ba zai yarda da kowa ba. A tambaye shi ko yana son ruwa, ko wa yake so a kira masa. Yawancin masu ɗaga makami a wannan hali tsoro ne ya cika su, ba mugunta ba.

Wannan darasi wani gari a Amurka ya koye shi ne bayan an yi asarar rai. A watan Satumban 1987 aka kira 'yan sandan birnin Memfis saboda wani saurayi da ke yankar jikinsa da wuƙa. Da suka zo, abin ya ƙare da harbe shi. Jama'a suka fusata. Hukumar birni ta zauna da 'yan sanda da likitoci da iyalan marasa lafiya, a 1988 suka kafa wata ƙungiya ta musamman a cikin rundunar. Ana zaɓar 'yan sandan da suka ba da kansu don wannan aiki, a ba su horon awa 40, inda likitoci da iyalai da waɗanda suka taɓa yin ciwon ke koya musu alamun cuta da dabarun lallashi. Aka kuma shirya da asibiti cewa duk lokacin da ɗan sanda ya kawo marar lafiya za a karɓe shi nan take, ba za a bar shi yana zaman jira ba. Garuruwa fiye da dubu biyu a Amurka sun kwaikwayi wannan tsari. Abin lura a nan shi ne, horon mako guda ne kawai, kuma babban jarinsa haɗin kai ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BAYAN AN KAMA SHI

Wani lokaci lallashi ba ya ci, dole a kama mutum da ƙarfi. A nan ma akwai haɗari babba wanda mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka kifar da mutum rub-da-ciki, aka ɗaure hannuwansa ta baya, ƙarti suka hau bayansa ko wuyansa, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. Yana iya mutuwa cikin 'yan mintuna, musamman mai ƙiba, ko wanda ya sha ƙwaya, ko wanda ya gaji da kokawa. Mutsu-mutsun da yake yi neman numfashi ne, amma masu danne shi sai su zaci taurin kai ne, su ƙara nauyi. Don haka da zarar an sa ankwa, a juya shi ya kwanta ta gefe ko a zaunar da shi, kada a toshe masa baki, kuma wani ya tsaya yana duban numfashinsa har a isa asibiti.

Asibiti kuwa shi ne wurin zuwa, ba bayan kanta ba. Dalili shi ne, ba duk mai sambatu ne mai taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da taifot, da buguwa a kai, da faɗuwar suga ga mai ciwon suga, duk suna sa mutum ya rikice ya yi faɗa. Mai farfaɗiya yakan ruɗe bayan ya farfaɗo. Mai jego ma takan birkice cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma tana warkewa in an yi magani da wuri. Irin waɗannan in aka kulle su har gari ya waye, ana iya tarar da gawa. Wanda bai aikata laifi ba, ba shi da abin yi a caji ofis. Wanda ya aikata kuwa, shari'a ce za ta duba halinsa da shaidar likita, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta hana duka da gallazawa ga duk wanda ke hannun hukuma, mai hankali ko marar hankali.

TURU DA MARI DA SABUWAR DOKA

An daɗe ana ɗaukar marar lafiyar ƙwaƙwalwa abin tsarewa, ba abin jinya ba. Dokar da Turawa suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi ƙarfi ne wajen yadda za a kulle mutum. A ƙarƙashinta an ajiye mutane a gidajen yari shekara da shekaru ba tare da sun yi laifin komai ba. A gidaje kuma akwai turu da mari da sarƙa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irin wannan a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna neman gyara don ba su san wata hanya ba. A wannan karo 'yan sanda ceto suka yi.

A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ta amince cewa marar lafiya yana da haƙƙin samun magani da mutunci, ta hana nuna masa bambanci wajen aiki da wurin zama, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa. Amma doka a takarda ba ta kwance mari sai an sami wurin da za a kai mutum.

Kuma ba sai an je ƙetare neman misali ba. A 1954 marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani, suna cuɗanya da mutanen gari. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa ya kai ga zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya nuna cewa ƙauye yana iya zama wurin warkewa.

SHI MA ƊAN SANDAN MUTUM NE

Akwai ɓangaren da rigar sulke ba ta rufewa, wato zuciya. 'Yan sandan ƙasar nan sun ga abin da ido ba ya so. An kai harin bam hedikwatarsu a Abuja ranar 16 ga Yuni, 2011. Ranar 20 ga Janairu, 2012 an kai hare-hare a Kano, yawanci a kan ofisoshinsu, mutum fiye da 150 suka rasu. Waɗanda suka yi aiki a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Birnin Gwari sun ɗauki gawar abokansu da hannunsu. Wasu kuma kullum su ne ke kwashe mutane a haɗarin mota.

Irin wannan gani yana barin rauni. Alamunsa su ne rashin barci, da mugun mafarki, da zabura in an ji ƙara, da saurin fushi, da gudun mutane, da faɗawa giya ko ƙwaya. Matarsa da 'ya'yansa a bariki su ne ke fara gani. Ciwo ne mai magani, ba ragwantaka ba ce. Amma da yawa suna ɓoyewa don kada a ce sun zare, ko a hana su ƙarin girma. Haɗarin kuwa a fili yake, domin mutumin da bai yi barci ba, zuciyarsa na tafasa, ga bindiga a kafaɗa, shi ne za a tura ya lallashi wani marar lafiyar. Rundunar tana da sashen lafiya nata, akwai limamai da fastoci a barikoki. Wajibi ne manyan jami'ai su riƙa lura da yaransu, su ba wanda ya dawo daga fagen fama hutu da damar ganin likita cikin sirri, su kuma karɓe bindiga daga hannun wanda alamu suka nuna, har sai ya warke, ba tare da an wulaƙanta shi ba.

AIKIN MUTANEN GARI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwan da kowane gida da kowace unguwa za su iya yi:

1. A kai marar lafiya asibiti tun alamu suna farawa, kamar rashin barci, da magana shi kaɗai, da zargin kowa, da ƙin abinci. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

2. Kada a daina ba shi magani don ya sami sauƙi, sai likita ya ce. Barin magani yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo. A adana katin asibiti da kwalin magani a wuri guda.

3. In aka ga ciwon zai tashi, a kawar da adda da wuƙa da gatari da fetur da maganin ƙwari. A fitar da yara da tsofaffi.

4. Wanda zai kira 'yan sanda ya faɗi gaskiya tun farko, cewa marar lafiya ne, ga sunansa, ga abin da ke hannunsa, ga wanda yake jin maganarsa. Kada a ce ɓarawo ne ko ɗan fashi don a sa su zo da sauri. Wannan ƙarya tana iya jawo harbi.

5. Mai unguwa da dattawa su kori 'yan kallo, su hana yara jifa, su hana ɗaukar hoto da waya. Taron jama'a yana ƙara wa marar lafiya tsoro, yana kuma matsa wa ɗan sanda ya yi gaggawa.

6. 'Yan banga da 'yan sintiri su tsaya ga tsare hanya. Kada su fara duka.

7. Wani ɗan uwa ya bi motar zuwa asibiti da kati da magani.

8. Dagaci da mai unguwa su ajiye lambar wayar Baturen 'yan sanda da ta malamin asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa kuwa ita ce 112, kuma kyauta ce.

9. In ya warke ya dawo, a karɓe shi. A kira shi da sunansa, a ba shi gona ko sana'a, a zauna da shi a majalisa.

KIRA GA HUKUMA

A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda domin horo da sayen kayan aiki da kyautata jin daɗinsu, a 2020 kuma aka yi sabuwar Dokar 'Yan Sanda wadda ta maye gurbin ta 1943. Abin da mutanen karkara ke roƙo shi ne kayan su iso ƙananan ofisoshi, kada su tsaya a manyan birane da ayarin manya. In za a sayi bindiga, a sayi garkuwa da hular kwano da rigar da ke tare wuƙa. A kowane caji ofis a sami ko da mutum biyu da suka yi horon tunkarar marasa lafiya, har da mace, domin mai jego da ta birkice ta fi saurin yarda da 'yar uwarta.

Shugabannin ƙananan hukumomi kuma suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi da yawa. Su haɗa Baturen 'yan sanda da shugaban sashen lafiya da jami'in jin daɗin jama'a da hakimi a zama guda, a tsayar da asibitin da za a riƙa kai marar lafiya, da wanda zai karɓe shi da dare, da wanda zai zuba mai a mota. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a ya sa wannan batu a cikin taronsa. Malaman yaƙi da jahilci kuma su tattauna shi da ɗalibansu, domin babu unguwar da ba ta da gidan da wannan jarrabawa ta shafa.

Jama'a, hankali kyauta ce daga Allah, kuma babu wanda ya karɓi takardar lamuni a kan nasa. Wanda ake jifa yau a kasuwa, jiya shi ne ke jan garma. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya tsare jami'an tsaro a bakin aikinsu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.